Wutar da Ta Mutu Ba Wanda Ya Zuba Mata Ruwa

Waƙar ƙauna tsohuwar aba ce, kowace kabila kuwa tana da tata. Mafi yawan waɗanda kunne ya saba da su suna da magabci a cikinsu. Saurayi yana son yarinya, iyayenta sun ƙi. Ko kuwa wani mai dukiya ya zo ya ɗauke ta. Ko tafiya ta raba su, ko mutuwa. Waƙoƙin finafinan Hausa da na Indiya cike suke da irin wannan, mai saurare kuma ya san wanda zai ji wa tausayi, ya san wanda zai ji haushinsa. Amma akwai wani irin waƙa dabam wanda ya yawaita a faya-fayan Turai da Amurka tun daga wajen shekara ta 1960, har yau kuwa bai ƙare ba. A cikinsa babu magabci ko ɗaya. Mutum biyu ne, sun sami juna, ba wanda ya hana su, suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci tare, amma kowa zaman kaɗaici yake yi. Ba faɗa, ba duka, ba zagi. Abin da ke tsakaninsu ya huce kawai, kamar kunun da aka manta da shi a ƙwarya.

Tambayar da irin waɗannan waƙoƙi suke jefa wa mai tunani ita ce, idan ƙauna ta huce haka, akwai mai laifi? Ko kuwa abu ne da yake sauko wa mutane kamar hazo, ba wanda ya kira shi, ba kuma mai iya korarsa?

A shekara ta 1967 wani mawaƙin Faransa mai suna Claude François, wanda aka haifa a Isma'iliyya ta ƙasar Masar, ya fitar da waƙa mai suna Comme d'habitude, watau kamar yadda aka saba. Ya yi ta ne bayan rabuwarsa da wata mawaƙiya, France Gall. Waƙar ba ta ba da wani babban labari ba. Yini ɗaya ne kurum ta bi na wani mutum da matar da yake zaune da ita, daga tashi da safe har kwanciya da dare. Kowane abu ana yinsa a kan lokacinsa, ba abin da aka fasa, har murmushi da sumba ba a fasa ba, sai dai duka wasan kwaikwayo ne, su biyun kuwa sun sani. Kalmomin nan na sunan waƙar su ne suke ta komowa a ƙarshen kusan kowane layi, har mai ji ya gaji da su, gajiyar kuwa ita mawaƙin yake so a ji. Sabo ya cinye kome, ya bar ɓawo.

Abin da ya sami waƙar daga baya abin lura ne. Wani mawaƙi ɗan Kanada, Paul Anka, ya ji ta sa'ad da yake hutu a Faransa, ya sami izinin amfani da karinta, ya zubar da kalmomin duka, ya sa waɗansu da Turancin Ingilishi, ya ba Frank Sinatra. A shekara ta 1969 ta fito da sabon suna, My Way, watau hanyata. Yanzu ba sauran mace a ciki. Tsoho ne yake duban kwanakinsa, yana taƙama cewa duk abin da ya yi, yadda ya ga dama ya yi shi. Waƙar ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani a duniya, a Ingila ma ta sha zama ta fari a jerin waƙoƙin da mutane suke roƙo a sa musu ranar jana'izarsu. Kari ɗaya ke nan ya ɗauki kukan mutumin da gidansa ya yi sanyi, ya kuma ɗauki kirarin mutumin da bai taɓa karkata wa kowa ba. Mai hankali zai iya tambaya ko ba mutum ɗaya ba ne, na farin da safe, na biyun da maraice.

A Amurka kuma haka. A ƙarshen shekara ta 1964 mawaƙa biyu da ake kira Righteous Brothers suka fitar da You've Lost That Lovin' Feelin', inda namiji yake lissafta ƙananan alamu da ya gani a idon mace da hannunta, waɗanda suka nuna masa zuciyarta ta tashi ko da yake jikinta yana nan. A shekara ta 1999 ƙungiyar BMI, wadda take ƙidaya yawan sa waƙoƙi domin a biya masu su, ta ce wannan ce waƙar da aka fi sawa a gidajen rediyo da talabijin na Amurka a dukan ƙarni na 20, fiye da sau miliyan 8. A shekara ta 1971 kuma Carole King ta rera It's Too Late, ma'anarsa lokaci ya ƙure. Wannan ta fi waccan natsuwa, ta kuma fi ta ban tsoro. Matar da take magana a ciki ba ta zargin mijin, ba ta zargin kanta. Wani abu ne ya mutu a ciki, an yi ƙoƙari, bai yiwu ba, sai a yi sallama da mutunci. Waƙar ta yi mako 5 tana kan gaba a Amurka, ta kuma ci babbar kyautar Grammy a shekara ta 1972.

Ba banza ba ne irin wannan magana ta sami kasuwa a waɗannan shekaru. A dā, wanda yake neman kashe aure a kotunan ƙasashen nan sai ya nuna laifin abokin zamansa, ko zina, ko mugunta, ko gudu. A shekara ta 1970 jihar Kalifoniya ta fara aiki da dokar da ta yarda a raba aure ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba. Ingila ta sassauta tata dokar, ta fara aiki a 1971. Faransa ta yarda da rabuwa bisa yardar juna a 1975. Waɗannan dokoki sun kuɓutar da mutane da yawa daga ƙaryar da ake tilasta musu su yi a gaban alƙali, sun kuma buɗe ƙofa ga matan da ake azabtarwa, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma abin da alƙali ya daina tambaya, mawaƙi ma ya daina tambayarsa. Kotu ta ce ba lalle a nemi mai laifi ba, waƙa ta ƙara gaba ta ce babu shi ma.

Kafin a yi wa mawaƙan nan gardama, ya kamata a ba su abin da yake nasu. Sun faɗi gaskiya a kan wani ciwo wanda masu wa'azi da dattawan sulhu sukan tsallake. Idan mace ta kai ƙara cewa an doke ta, kowa ya san abin yi. Idan ta ce an hana ta abinci ko sutura, akwai mai tsawatawa. Amma idan ta ce shekara biyar ke nan mijinta bai tambaye ta abin da yake damunta ba, sai a dube ta a ce, to, me ya yi miki? Ba shi da wani laifin da za a nuna da yatsa. Hatsi yana rumbu, yara suna makaranta, ran Lahadi ana tafiya sujada tare. Sai a ce ta yi haƙuri, ta gode wa Allah. Namiji kuwa ko bakin faɗa ba shi da shi, gama wa zai gaya wa cewa yana jin kaɗaici a gidan da yake cike da iyalinsa? Dariya za a yi masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waƙoƙin nan sun ba wannan yoyo suna, shi ya sa miliyoyin mutane suka saye su, suka saurare su a ɓoye, suka ji kamar wani ya leƙa cikinsu.

Inda suka kasa shi ne wajen ba da labarin yadda aka kai ga haka. Waƙa minti uku ce ko huɗu, kullum kuma daga ƙarshen labari take farawa. Tana nuna toka, ba ta nuna daren da aka kwanta ba a tura itace a murhu ba. Wuta ba ta bukatar a zuba mata ruwa kafin ta mutu, ya isa kowa ya zauna yana jiran ɗayan ya tashi.

Masu binciken zaman aure sun ga wannan da idonsu. Waɗansu masana biyu na Amurka, John Gottman da Robert Levenson, sun bi ma'aurata 79 har shekara 14, suka buga abin da suka samu a shekara ta 2000. Sukan zaunar da miji da mata su yi taɗi a kan abin da ya faru a yinin, su kuma yi magana a kan abin da suke saɓani a kai, ana ɗaukar hotonsu. Suka tarar waɗanda aurensu ya mutu kashi biyu ne. Masu zafin faɗa da raini da baƙar magana sukan rabu da wuri. Amma akwai kashi na biyu waɗanda suka daɗe kafin su rabu, abin da ya nuna za su rabu kuwa shi ne rashin walwala a taɗinsu na yau da kullum. Ɗaya ya kawo labari, ɗayan bai ɗaga kai ba. Ɗaya ya yi wasa, ɗayan bai yi dariya ba. Ba wani abu a cikin waɗannan da za a kira zunubi mai suna, amma kowannensu zaɓi ne. An miƙo hannu, an ga hannun, an ƙyale shi. Wanda aka ƙyale sau ɗari yakan daina miƙowa, ranar da ya daina kuwa sai ɗayan ya ce, ga shi, ya sake, ba kamar dā ba.

Littattafan Sama'ila suna da labarin da ya nuna farkon abin da ƙarshensa, abin da waƙa ba ta iya yi. Mikal ƴar Saul ta ƙaunaci Dawuda, an rubuta haka a fili. Sa'ad da mahaifinta ya aika a kashe shi, ita ce ta zurarar da shi ta taga da dare, ta sa ranta cikin hatsari dominsa. Ya tafi. A shekarun gudunsa ya sami hanyar saduwa da Jonatan wanta, ya auri Abigel da Ahinowam, amma ba a rubuta ya aika mata ko da gaisuwa ba. Saul ya aurar da ita ga wani. Da Dawuda ya yi ƙarfi, sai ya sa komo da ita ya zama sharaɗi a cinikin sarauta tsakaninsa da Abner, aka ƙwace ta daga mijin da ya bi ta yana kuka har Bahurim. Sai kuma ga ta a bakin wata taga, tana kallon Dawuda yana rawa a gaban akwatin alkawari, ta raina shi a zuciyarta. Mai karatu da ya buɗe littafin a wannan sura kaɗai zai ce mace ce mai girman kai da sanyin zuciya, lalle kuwa maganar da ta yi masa a ranar ba ta da kyau. Amma tsakanin taga ta fari da ta biyu akwai shekaru, a cikinsu kuma akwai abin da aka yi da abin da aka ƙi yi. Dawuda mawaƙi ne wanda ba kamarsa, ya yi wa Jonatan waƙar makoki, ya yi wa Saul, ya yi wa Abner. Maganarsa guda da aka rubuta ya yi wa Mikal, gori ce.

Wani zai ce, ai zuciya ba baiwa ba ce da za a umarce ta. Mutum ba ya iya sa kansa jin abin da ba ya ji, wanda kuwa ya yi kamar yana ji alhali ba ya ji, shi ne munafukin da waƙar Claude François take nunawa. Wannan magana tana da nauyi, rabinta kuma gaskiya ne. Ba wanda zai iya yin alkawari cewa bayan shekara ashirin gabansa zai riƙa faɗuwa idan ya ji takun matarsa. Ɗoki yana da lokacinsa kamar damina. Akwai kuma sanyin da ba laifin kowa ba ne, wanda ciwo yake kawowa, ko baƙin cikin rasa ɗa, ko cutar damuwa wadda take bukatar likita, ko nisan da neman abinci ya tilasta wa masu zuwa cin rani. Wanda ya ɗora wa irin waɗannan mutane laifi ya ƙara musu kaya ne a kan kaya.

Amma alkawarin da ake yi ranar aure bai taɓa zama alkawarin ɗoki ba. Abin da ake ɗauka a gaban jama'a abu ne wanda hannu da ƙafa da kunne suke iya yi: a zauna, a lura, a riƙe, cikin samu da rashi. Ba a iya umartar zuciya ta ji daɗi, amma ana iya umartar wuya ya juya sa'ad da ake magana da shi. Bambancin munafuki da mai aminci ba a cikin abin da suke yi yake ba, gama dukansu biyu suna iya kawo tsaraba ranar da ba su ji marmarin kawowa ba. Munafuki yana yi domin a rufe magana, kada a tambaye shi. Mai aminci yana yi domin ƙofa ta zauna a buɗe, ko abin da ya fita ya sami hanyar komowa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a zuciya take ba, ko da yake sun san da zuciya sarai.

A nan akwai wani tarko ga wanda yake jin waƙoƙin nan daga nesa, a rediyo ko a wayar hannu. Ma'aunin da suke auna ƙauna da shi na ƙasarsu ne: furanni, da kalmomi masu zaƙi, da riƙe hannu a kan hanya. Matashin da ya sha irin waɗannan zai dubi iyayensa, ya ga uwarsa ba ta taɓa kiran sunan ubansa ba, ya ga uban bai taɓa yabonta a gaban mutane ba, sai ya ce ba ƙauna a gidan. Ya yi kuskure. Kunya dabam, sanyi dabam. Tsohuwar da ba ta faɗin sunan mijinta ta san irin tarin da yake yi idan zazzaɓi zai kama shi, tun kafin shi ya sani. Tsohon da ba ya magana ya lura itacen girkinta ya kusa ƙarewa, da asuba sai ta tarar da wani a bakin madafa. Wannan shiru cike yake da lura. Amma kada kuma a mai da kunya mafaka, gama akwai gidaje da yawa inda ake kiran abin kunya alhali kuwa ba wanda ya san tarin wani. Daga waje duka biyu kama ɗaya suke. Na ciki ne kaɗai suka san wanne ne nasu.

Sauran abu guda game da waƙoƙin, shi ne wanda ake yi wa maganar. Ƙungiyar ABBA ta ƙasar Suwidin ma'aurata biyu ne, auren duka biyun kuwa ya mutu suna tsakiyar tashe. A shekara ta 1980, bayan Björn Ulvaeus da Agnetha Fältskog sun rabu, shi ya rubuta kalmomin wata waƙar rabuwa mai ɗaci, ita kuma ta tsaya ta rera, duniya ta saya. Ya sha faɗa cewa ba tarihinsu ne daidai ba, amma ba wanda ya ji muryarta ya gaskata cewa ba ruwanta. Abin mamaki ne yadda ya fi sauƙi a gaya wa mutum miliyan abin da yake cin rai da a gaya wa mutum ɗaya a ɗaki. Matan karkara sun san wannan dabara tun kafin a ƙera faifai. Mace tana niƙa ko tana daka, tana waƙar habaici da ƙarfi yadda maigida zai ji daga zaure, ba ta ambaci sunansa ba, shi ma ya yi kamar bai ji ba. Ta sami sauƙi, amma maganar tana nan inda take. Garayar Dawuda takan kwantar wa Saul da hankali, ta sa ya wartsake, duk da haka da garayar a hannun Dawuda ne Saul ya jefe shi da mashi. Kiɗa yana rage zafi, ba ya fitar da ƙaya. Haɗarin waƙar baƙin ciki mai daɗi shi ne mutum ya saba da shan ta kowane dare, ya sa abin ji a kunnuwansa, ya juya wa matarsa baya, yana kuka a kan sanyin da shi kansa yake ƙarawa a wannan sa'a.

Waɗansu masana ƙarƙashin Nathan DeWall na Jami'ar Kentaki sun ƙidaya kalmomin waƙoƙi 10 da suka fi tashe a Amurka kowace shekara daga 1980 zuwa 2007, suka buga sakamakon a 2011. Suka ga kalmomin ni da nawa suna ƙaruwa, kalmomin mu da namu suna raguwa. Ƙidayar kalmomi ba ta isa ta tabbatar da halin al'umma duka ba, amma ta yi daidai da hanyar da karin nan na Faransa ya bi, daga ɗakin mutum biyu zuwa kirarin mutum ɗaya.

Labarin da ya fi dukansu ban mamaki na wata waƙa ce mai suna You Don't Bring Me Flowers, wadda take kukan cewa an daina kawo furanni, an daina taɗin dare. Neil Diamond ya rera ta shi kaɗai a 1977, Barbra Streisand ta rera tata ita kaɗai a 1978. Wani ma'aikacin gidan rediyo a birnin Louisville, wanda aurensa yake mutuwa a lokacin, ya yanka faya-fayan biyu ya haɗa su, layi nasa layi nata, ya zama kamar miji da mata suna amsa wa juna, alhali ba su tsaya a ɗaki ɗaya ba. Ya yi shi ne kyautar sallama ga matarsa. Masu saurare suka yi ta roƙo a maimaita, har kamfanin ya kira mawaƙan biyu suka rera ta tare, ta zama ta fari a Amurka a watan Disamba na 1978.

Waɗanda suka rubuta kalmomin wannan waƙa tare da Diamond kuwa miji da mata ne, Alan da Marilyn Bergman. Sun yi aure a 1958, suna aiki tare a ɗaki ɗaya, ɗaya ya kawo layi ɗayan ya gyara, har Marilyn ta rasu a 2022. Waccan kuma ta 1964, wadda aka sa fiye da sau miliyan 8, a cikin mutum uku da suka rubuta ta biyu miji da mata ne, Barry Mann da Cynthia Weil, shi mai kari ita mai kalmomi. Sun yi aure a 1961, mutuwar Cynthia ce ta raba su a 2023.